Ƙoƙon Dikon Namadi

Ran Lahadin da ta biyo bayan jana'izar Dikon Namadi, wato mataimakin fasto a hidima, majami'ar laka ta Kalgo ta cika maƙil. Fasto Bawa ya tashi yana yabon marigayin: yadda ya baro danginsa a Gwandu ya zo neman maganin kuturta, ya warke, ya zauna yana yi wa ikkilisiya hidima har ƙarfinsa ya ƙare. Shi ke shara, shi ke haƙa kabari, shi ke zagayawa da ƙoƙon jibin Ubangiji, wanda masu bi ke kurɓa daga ciki ɗaya bayan ɗaya don tunawa da Almasihu.

Matarsa Albarka tana zaune can baya, ta kuwa san abin da ba a faɗa ba. A kan faifai Namadi yake ɗaukar ƙoƙon nan, don kada guntayen yatsunsa su taɓa shi, kuma bai taɓa kai shi baki ba. Nasa ƙaramin ƙoƙon daban yake, kamar nata, gama ita ma cutar ta bar mata tabo.

Da aka zo rabon jibi, sai ta miƙe.

"Malam, abu guda ni ka roƙo, don girman mijina. Yau ku bar ni in sha inda kowa ka sha."

Fasto ya dubi jama'a, babu wanda ya ɗaga kai.

"Inna, ki yi haƙuri. Akwai masu raunin zuciya cikinmu."

Ya zuba mata a ƙaramin ƙoƙon nan na Namadi. Ta karɓa, ta sha, domin ba a mayar wa Ubangiji da kyautarsa. Amma da aka ɗauko waƙar godiya, ta ja bakinta ta yi shiru.