Gurbin Mai Kula

Manhajar da Auta ta rubuta wa iyayenta ba wani abin a zo a gani ba ce. Da safe takan yi ƙara, ta nuna wa Baba maganin hawan jininsa, ya danna "na sha". Idan bai danna ba sai ta kira mai kula da shi, wato Umma, ita kuma ta fito daga kicin da faɗanta.

Bayan rasuwar Umma, Yaya, wan Auta, ya goge sunanta daga manhajar, wai kada Baba ya riƙa gani yana kuka. Tun ranar ta daina buɗewa. Da an taɓa ta sai ta yi fari, ta rufe. Baba kuwa, da ya gwammace ya mutu da ya dami wani, bai gaya wa kowa ba. Sai da jiri ya kayar da shi a ƙofar banɗaki aka gane ya daina shan magani.

Auta ta ɗauki hutu a wurin aiki ta zo. Ta ture kwanuka gefen tebur, ta haɗa wayar Baba da kwamfutarta, nan da nan ta ga layin da ke jawo matsalar. A aikinsu na rubuta manhaja, duk gurbin da zai iya zama fanko ana sa masa alamar tambaya, a gaya wa na'ura abin da za ta yi idan ta tarar babu komai. Wanda ya tabbata gurbin ba zai taɓa zama fanko ba sai ya sa alamar motsin rai, kamar ya yi wa na'ura rantsuwa. Ita ce Auta ta sa a gurbin mai kula. A ofis ita ke wanke sababbin ma'aikata tas a kan wannan gangancin, amma a nan ko a ranta bai zo ba cewa gurbin Umma zai taɓa zama fanko.

"Ta lalace ne?" in ji Baba daga kan kujerarsa.

"A'a, Baba. Tana neman Umma ne, in ba ta same ta ba sai ta faɗi."

Ya gyaɗa kai. "To ai ba ta yi laifi ba."

Auta ta canza alamar. Saura ta rubuta wanda za a kira idan gurbin fanko ne. Ta sa lambarta, ta gwada. Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka.

"Daga yau ni za ta kira, Baba."

"Ke da kullum kina cikin taro?"

"Zan ɗauka."

Ya karɓi wayar, ya daɗe yana kallon gurbin da sunan Auta ya hau.

"Da gangan nake ƙin dannawa, kin sani," ya ce. "Don ta fito ta yi mini faɗa."