Mutumin Cikin Takarda

A'a, dakata, kar ki ce na ƙi magani. Ke da kika zo dubiya da ayaba uku, kika cinye biyu, ba ke za ki faɗa min haka ba. Ni aka sa a cikin injin nan mai ƙara kamar na niƙa, aka ɗauki hoton gwiwata ta hagu, aka ce guringuntsin ciki ya yage.

Likitan ƙashi ya ce hanya biyu ce: ko a huda a gyara, ko a gwada motsa ƙafa sati shida. Babban ɗana ya ce a yanka kawai, shi da ko allura sai an danne shi. Auta ta ce a'a. Ni dai na ce wuƙa ta tsaya a kicin.

Mai koyar da motsin ya ba ni takarda. Rubutun ba ruwana da shi, amma akwai zanen wani mutum a kwance, ba riga, ba fuska, ya ɗaga ƙafa ɗaya. Na liƙa shi a bango. Ƙafarsa ta wajen ƙofa ce a sama, ni ma ta wajen ƙofa na ɗaga. Talatin da safe, talatin da yamma. Ko zafi babu. Har na ce yaron nan ya iya aiki.

Da sati shida ya cika muka koma. Likita ya murɗa ta hagu, na kira sunan uwata. Ya ce motsi bai yi ba, sai aiki, ranar Talata. Babban har ya zaro biro zai sa hannu. Auta ta ce in nuna yadda nake yi. Na kwanta a gadon nan mai leda, na ɗaga ta dama. Ta tashi sama, ta ture ƙarfen rataya ruwa, takalmina ya faɗa kwandon shara.

Likita ya cire gilashi ya lallatsa cinyar, ya ce rabonsa da ganin irinta tun wani ɗan ƙwallo. Babban kuwa ya hau faɗa, wai na ɓata sati shida, wai dama ya san motsin nan shirme ne, a dai bar Talatar yadda take.

Na ce, "Shirme? Zo ka tsaya a gaban ƙafar nan."

Bai zo ba. Ya ce ai ta hagu ce dai ke ciwo, kuma a rubuce yake a ƙasan takardar.

Na miƙa wa likita takardar, dama na ciro ta daga bango na zo da ita. Na ce, "Ɗan nan, mutuminku ne ya ɗaga ta dama, ni bin sa na yi. Ku zana shi da ta hagu, ku ba mu sati shida. In ba ta yi ba, a fara yanka shi. Ranar da na ga ya tashi ya taka, ni ma a yanka ni."