Gaisuwar da Aalish Ta Manta

Tun da suka baro garin Douglas, Aalish take jera maganar a ranta tana rushewa. Kawunta Orry na gefenta, ya rungume akwatin gogensa a cinya, yana ta surutu kan tsadar kifi da ruwan saman da ya ƙi ɗaukewa. Ita kuwa tana riƙe da sitiyari.

Orry ne ya kafa ƙungiyar kiɗansu tun ba a haifi Aalish ba, lokacin da waƙoƙin tsibirin Man suka kusa bin tsofaffi kabari. Shi ya koya mata waƙa a ɗakin girkinsa. To amma hannunsa na hagu ya soma rawa, kuma abin ya wuce a ce ba a ji ba. A wani biki na watan jiya sai da masu rawa suka tsaya cak suna kallon juna. Yanzu ga shi an gayyace su babban taron kiɗa a Faransa, irin damar da suka yi shekaru suna jira, har an sami wata yarinya a garin Peel mai hannun kirki da za ta maye gurbinsa. Juan mai jita, sarkin zamewa, ya ce ai Aalish ce 'yar gida, ita za ta faɗa wa Orry kafin wasan yamma a Castletown.

Ta buɗe baki za ta faɗa masa, sai ta ji kanta tana tambayarsa ko ya sha magani. Wallahi tsoro take ji, irin na yaron da ya fasa tulu.

"Tsaya," in ji Orry.

Ta taka birki. Ya juyo ya kafe ta da ido, ya nuna baya da babban yatsa. Ashe sun wuce 'yar gadar nan ta mutanen ɓoye. Duk ɗan tsibirin da ya bi ta kai sai ya gaishe su, har direbobin bas. Shi ya ɗaga hularsa kamar kullum, ita kuwa ta wuce fuu ko uffan ba ta ce ba.

Ta ce su bari sai a dawowa, sun kusa makara. Ya ce atafau, ba da shi za a hau dandali da wannan rashin ladabi ba. Dole ta juya motar a ƙofar wata gona, ta koma, ta sauke gilashi ta gaishe su da muryar da ita kanta ba ta gane ba. Sannan ta gangara gefen titi ta kashe mota.

"Tun kina goye ake ɗaga hannunki ki gaishe su a nan," in ji shi. "Ranar da muka je binne uwarki ma sai da kika gaishe su, kina kuka. Yau me ya fi wannan nauyi?"

Ya dubi hannunsa da ke karkarwa a kan akwatin, ya danne shi da ɗayan.

"Wa kuka samu a madadina?"

Ta faɗa masa. Ya ce ya san yarinyar, jikar masu burodi ce, tana da sauri amma za ta nutsu. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi damunta ke nan.

"Juan ne ya kawo maganar, ko? Dama yaron nan bai taɓa ƙaunata ba."

Ga hanyar zamewa a buɗe, ta ɗora wa Juan. Juan ba zai musa ba, kawun kuma zai ci gaba da ajiye mata kujerarta ta cin abinci ranar Lahadi.

"Ba shi ba ne, Kawu. Ni ce."

Ya gyara zaman hularsa.

"Da ban koya miki kunne ba, da ba ki ji ba," in ji shi. "Tayar da motar, mutane na jira."