Kujerar Gefen Lasifika

Saura mutum goma sha ɗaya a gabanta a layin sayen tikitin bikin waƙa ta waya lokacin da farashin ya ninka. Da idonta Auta ta ga lambobin sun sauya a fuskar wayar, kamar wani ya miƙo hannu daga ciki ya goge ya sake rubutawa. Ta ture keken ɗinki, ta fice da igiyar awo a wuya, ta faɗa shagon maƙwabcinta mai gyaran waya.

"Malam, duba min, wayar nan ta haukace."

Ya ajiye sukundireba ya leƙa. "Lafiyarta ƙalau. Su ne suka haukace. In masu so suka yi yawa sai su ƙara."

"Da safe fa hayar shagona ta wata guda ce."

"Yanzu ta wata biyu. Kuma kujerar can ƙarshen fili take, inda za ki hango mawaƙin kamar ƙwayar shinkafa ta sa riga. Ga kuɗin hidima ma a ƙasa."

"Hidimar me? Ni na bi layi, ni zan danna."

"Hidimar barinki ki danna ɗin."

Layi ya zo kanta. Aka ba ta minti biyu. Babban yatsanta ya tsaya a sama har lokacin ya cika, shafin ya yi fari fat.

Ba don kanta take nema ba. Yayarta ta yi shekara ashirin da biyu a masaƙa, tsakanin injinan da ba sa hutawa. Kunnen dama ya riga ya mutu, na hagu kuma likita ya ce in ya kai ƙarshen shekara an yi sa'a. Yaya ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya ta roƙa: kafin duniya ta yi mata shiru, ta ji mawaƙin nan da take kira mutuminta yana rerawa a gabanta, ba a rediyo ba. Har ta goge rigar da za ta sa.

Mai gyaran waya ya sosa gemu. "Ku zo wajenmu ranar Lahadi da la'asar. Saman gidan burodi. Ni ke kaɗa jita mai kaurin murya. Kuɗin shiga bai wuce na lemo biyu ba."

"Kai? Kai da ko gaisuwa sai an roƙe ka?"

"Jitar ce ke gaisawa a madadina."

Da ta koma gida, Auta ta zagaya ta gefen kunnen hagu ta faɗa wa Yaya komai. Yaya ta daɗe tana kallon rigar a jikin ƙofa.

"Ke dai Auta, tun kina ƙarama in an aike ki gishiri sai ki dawo da ashana," ta ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa. "Mu je. Ba zan yi asarar guga ba."

Matakalar gidan burodin ƙunci gare ta, sai mutum ɗaya-ɗaya. A sama akwai kujeru kamar arba'in, babu biyu masu kama da juna. Ƙamshin burodi yana tasowa ta tsakanin katakon ƙasa, ɗumi-ɗumi, rana kuma tana shigowa ta gilashin taga mai launin zuma, duk fuskar da ta taɓa sai ta zama kamar ta tsohon hoto. Wata tsohuwa, mai gidan, tana karɓar kuɗi a gwangwanin madara ba ta ko dubawa.

Mawaƙiyar ma'aikaciyar jinya ce, da farin takalmin aiki ta hau dandamali. Ta rufe ido ta fara. Auta ba ta kalle ta ba, fuskar Yaya take kallo. Waƙa ta ɗaya ta wuce. Ta biyu ta kai rabi. Yaya ta girgiza kai.

"Kamar ina ƙarƙashin ruwa," ta ce, ɗakin duka ya ji.

Auta ta sunkuya. Ta fara laluben jaka don su tashi, sai jitar ta tsaya. Mai gyaran waya ya raɗa wa mawaƙiyar wani abu. Ita kuwa ta sauko, ta jawo kujera har gefen lasifika, ta kamo hannun Yaya.

"Yaya, cire takalmi. Taka katakon. Wannan tafin kuma ɗora shi nan, jikin lasifika."

"A gaban mutane?"

"Rabinsu na taɓa yi musu allura. Babu mai bakin magana."

Aka yi dariya, aka sake ɗaukowa daga farko. Mawaƙiyar ba ta koma dandamali ba. Ta durƙusa ta gefen hagu, bakinta dab da kunnen, ta rera a hankali kamar mai lallashin jariri.

Auta ta ga abin yana shigar Yaya. Ya fara daga yatsun ƙafa, ya hau gwiwa, ya zo kafaɗa. Ƙurar fulawa tana yawo cikin hasken tagar, ba ta sauka, ba ta tashi. Fankar sama tana juyi kamar ba ta so. Sai Auta ta ji kamar ɗakin ya rabu da ginin yana lilo a saman unguwa, da kujerunsa da ƙamshinsa, ƙasa can motoci suna wucewa babu sauti. Leɓen Yaya ya fara motsi. Waƙar da ba ta taɓa ji ba take bi, tana riskar kowace kalma a makare kaɗan.

Da aka gama Yaya ba ta ɗauke hannunta daga lasifikar ba.

"Auta, akwai 'yar ƙararrawa a ciki, ko?"

Mai ganga ya ɗaga ta sama, 'yar mitsitsiya, ɗaure a sandarsa.

"Na ji ta," in ji Yaya. "Mutumina ya riƙe filinsa."

Tsohuwa mai gidan ta taso da alli, ta zana da'ira a bayan kujerar. "Taki ce duk Lahadi, 'yata. Wanda ya zauna a kai zai sayi burodin kowa."

Auta tana cikin ƙirga Lahadin da suka rage a shekara sai matakala ta yi ƙara. Wani dogon mutum ya shigo cikin kwat mai sheƙi, waya biyu a hannu ɗaya, turarensa ya kori ƙamshin burodin. Bai nemi kujera ba. Ya zura wa mai gidan kati a gwangwaninta, ya wuce kai tsaye wajen mawaƙiyar.

"Tun daga titi na jiyo ki," ya ce. "Wannan muryar ba ta mutum arba'in ba ce, ta babban fili ce. Wa zan gani mu yi magana? Ina so a gama kafin Lahadi."

Yaya ta jawo hannun rigar Auta tana murmushi.

"Me ya ce?"