Kiyashi a Bakin Rariya

Ranar da Mariya ta fara ganin kiyashin, ko a jikinta. Ta shiga makewayi da tsintsiya da safe, bayan maigidanta Shu'aibu ya fita, sai ta tarar sun yi dandazo a bakin rariya, layinsu ya miƙe har gindin bango. Ta kwara musu ruwa, ta share, ta kama gabanta. Washegari suka dawo. Ta kwara musu ruwan omo, gari na wayewa ga su nan kamar an aiko su. A nan ne ta tsaya da bokiti a hannu tana kallonsu. Babu abin da ke bi ta wannan rariya sai ruwan wanka da fitsari, kiyashi kuwa kowa ya san zaƙi yake bi.

Ta taɓa ganin irin wannan layin. Tana budurwa a gidansu ita ke share makewayin mahaifinta, kuma haka kiyashi suka dinga taruwa a can tun kafin kowa ya san abin da ke cinsa. Daga baya likita ya ce ciwon suga ne. Daga baya kuma wani ɗan gyambo da bai kai ƙwayar wake ba ya fito masa a yatsan ƙafa, ya ƙi warkewa, har aka yanke ƙafar daga gwiwa. Bai daɗe ba bayan nan ya rasu. Mariya ta ajiye bokitin, ta yi a'uziyya, ta fita ta ja ƙofa.

To, ka ji inda abin haushin yake. A duk Tudun Wada a lokacin nan babu wanda ake yi wa barka da samun lafiya kamar Shu'aibu.

Shu'aibu yadi da shadda yake sayarwa a wani shago a kasuwar Terminus, kuma shekara da shekaru Allah ya hore masa teɓa. Ba ƙaramar teɓa ba, wallahi. Masu keke mai ƙafa uku na haya in suka hango ya ɗaga hannu sai su kau da kai kamar ba su gan shi ba. Maƙwabtansa na kasuwa Oga Buhu suke ce masa. Yana taya su dariya, amma Mariya ta san yadda yake dawowa gida ya zauna bakin gado yana haki, ya kasa sunkuyawa ya cire safa sai ita ta cire masa. Ita ce ma ta dame shi da mita: Baban Ummi ka rage tuwo, Baban Ummi ka bar lemon kwalba. Har ranar da ya ji.

Wanda ya ja shi kuwa maƙwabcinsu ne, Romanus mai sayar da kayan mota. Duk Asabar yakan kwashi abokansa a mota zuwa unguwar Rayfield, su zagaya tsohon tafkin da masu haƙar kuza suka bari, cikin sanyin safiya. Shu'aibu ya sayi farin kambas da wandon motsa jiki ya bi su. Ya bar lemon kwalba, ya rantse ko a koko ba zai ƙara sa sukari ba. Maimakonsa sai zuma. Zuma a shayi, zuma a kunun acca, zuma a ruwan ɗumi da lemon tsami kafin ya fita, in ya dawo kuma ya ɗebo da cokali ya lasa haka nan. Dabino kuwa aljihunsa ba ya rabuwa da shi.

"Ai zuma waraka ce," in ji shi. "Sukarin kanti shi ke kashe mutane. Wannan kuwa daga Allah take."

Kwalbar farko ma Mariya ce ta sayo masa da hannunta.

Sai teɓa ta fara sauka. Ba a hankali ba, zubewa ta dinga yi kamar an kwance bakin buhu. Romanus da ya daɗe yana zagaya tafkin nan tumbinsa na nan daram, amma Shu'aibu kafin damina ta yi nisa an kai wandunansa wurin tela an rage, an sake kaiwa an sake ragewa. A kasuwa aka daina Oga Buhu aka koma Saurayi. Mutane na tare shi a hanya suna tambayarsa sirrin, shi kuwa baki har kunne yana cewa zuma ce da tafiya. Tun aurensu Mariya ba ta taɓa ganinsa cikin farin ciki irin wannan ba.

Ita kaɗai ke ganin sauran. Ita ke ganin yadda yake ɗaga kofin silba ya shanye a tsaye ya sake cikawa, a garin da sanyi ke sa mutum ya wuni bai nemi ruwa ba. Ita ke jin ƙarar ƙofar makewayi ba iyaka. Wuyansa ya tsuke, fatar damtsensa ta saki, idanunsa sun faɗa. Kuma kullum da safe ga kiyashi.

Za ka ce to ta faɗa masa mana. Ai faɗar ce aiki! Da wane baki mace za ta dubi mijinta ta ce masa ta tsaya ta lura da inda yake tsugunawa? Kunyar kaɗai ta isa ta ɗaure mata harshe. Ban da haka, ta taso ne a gidan da ba a kiran sunan mugun ciwo a kan mai lafiya. Ba ta manta ba, ranar da wata gwaggonsu ta ce ramar mahaifinta ba ta Allah da Annabi ba ce, har gobe dangi cewa suke bakinta ne ya kama shi. Mariya na tsoron ta furta abin ya tabbata, tana kuma tsoron ta yi shiru ya tabbata. Tsoro biyu a ciki ɗaya, abinci ma ya daina shigarta.

Wata safiya dai ta gwada ta gefe. Yana zaune yana tsiyaya zuma a shayi, ta ce, "Baban Ummi, da za ka biya kemis ɗin maƙwabciyarmu Maman Chinonso a ɗan duba maka jini. An ce yanzu kowa na yi, ko lafiyarsa lau."

"Jinin me?"

"Haka dai. Su hawan jini, su suga."

Ya kwashe da dariya har shayin ya zube a faranti. "Suga? Ni? Mariya, rabona da sukari tun kafin azumi. Ina zai fito, daga sama? Ke da kika ce in rage ƙiba, yanzu na rage kuma kin ce ciwo ne. Ko kishi kike, kin ga maigida ya koma saurayi?"

Ta yi yaƙe, ta kwashe kwanuka. Ya lashe cokalin tas ya fita yana fito.

Da hantsi ta leƙa ta katanga wurin matar Romanus, Nneamaka, wadda kowa ke kira Maman Chinonso, mai ƙaramin kemis a bakin layi. Tana shanya a igiya. Bayan gaisuwa Mariya ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce wai wata ƙawarta ce take tambaya, ko zuma na da illa ga mai suga.

Maman Chinonso ta saki zanin da ke hannunta cikin bokiti, ta dube ta sosai.

"Maman Ummi, zuma sukari ne. Dabino ma sukari ne. Jiki bai san wanda ƙudan zuma ya yi da wanda kamfani ya yi ba." Ta matso kusa da katanga ta rage murya. "Wannan ƙawar naki, mijinta yana shan ruwa da yawa?"

Mariya ta sunkuyar da kai.

"Na faɗa wa Romanus tun tuni," in ji Maman Chinonso. "Na ce ramar Oga Shu'aibu bai yi mini ba. Ya ce in rufe bakina, mutum yana ƙoƙari kada in kashe masa gwiwa. Ki kawo shi, ɗan tsinke ne a yatsa, shi ke nan. Kuma ki dinga duba masa ƙafa. Wannan ciwo yana daɗewa a jiki mutum bai sani ba, in ya daɗe ƙafa yana mutuwa. Ko wuta ya taka ba zai ji ba."

Wannan ai ba sai an gaya wa Mariya ba. Ta tuna mahaifinta zaune gaban kaskon garwashi da sanyi, ƙafarsa har ta fara ƙauri yana ta hira.

Ta ce a ranta za ta yi maganar ranar Juma'a. Juma'a ta zo, ya dawo masallaci da sabuwar shadda da aka ɗinka daidai sabon jikinsa, yana juyawa gaban madubi yana tambayar 'yarsu Ummi ko ta gane babanta. Mariya ta haɗiye maganar. Ta ce gobe.

Asabar ta waye da hadari. Gajimare ya sauko ya rufe duwatsu, iska mai sanyi na kaɗa kwanon rufi, amma ruwan ya ƙi sauka. Romanus ya danna ham ɗin motarsa a ƙofar gida, Shu'aibu ya shanye ruwan zumarsa ya ɗaure kambas ya fita. Mariya ta ɗauki tsintsiya ta nufi makewayi, ta tura ƙofa, ta tsaya. Yau ba layi ba ne. Sun rufe bakin rariyar gaba ɗaya, suna motsi a kan juna. Ba ta ko kwara musu ruwa ba. Ta koma tsakar gida ta zauna kan turmi, ta kasa ɗora tukunya.

Sai da hantsi ya ɗaga ta ji motar ta tsaya, ta ji muryarsa tun daga waje yana yi wa Romanus tsiya. Ya shigo da sallama, gumi ya jiƙa masa riga.

"Mariya! Yau na ba su kashi. Duk na bar su a baya, har Romanus sai da ya zauna kan dutse yana haki. Ba ni ruwa."

Ta miƙe za ta ɗauko, sai idonta ya sauka kan simintin tsakar gida. Daga bakin ƙofa har inda yake tsaye, duk inda ƙafarsa ta dama ta taka ta bar ɗan jan tabo. Farin kambas ɗin kuwa gefensa ya rine.

"Baban Ummi, zauna."

"Ruwa na ce."

"Don Allah ka zauna."

Wani abu a muryarta ya sa ya zauna kan benci. Ta durƙusa gabansa kamar yadda take yi a da, lokacin da teɓa ke hana shi sunkuyawa, ta kwance igiyar takalmin. Da ta ja, sai ya ƙi fitowa. Ta juya tafin takalmin, ga kan ƙusa mai tsatsa ya lafe a cikin robar. Ta yi bisimilla ta ja da ƙarfi. Takalmin ya fito, ƙusar na tsaye a cikinsa, tsawonta ya kai gaɓar yatsa. Safar ta jiƙe sharkaf da jini, wani ya bushe wani sabo.

Shu'aibu ya leƙo, ya buɗe baki. "Ikon Allah! Yaushe wannan ta shiga? Ko wurin katakan nan ne da muka tsallaka tun farkon zagaye?" Sai kuma ya yi dariya, har da buga cinya. "Kin ga amfanin motsa jiki ko? Jiki ya yi ƙwari. Wallahi ko ɗis ban ji ba."

Mariya ba ta yi dariya ba. Ta zare safar, ta ɗora ƙafar a kan cinyarta. Sanyi ƙalau, kamar ba ƙafar da ta sha tafiya ba. Kunyar da ta ɗaure ta duk tsawon damina ta neme ta ta rasa.

"Baban Ummi, kiyashi na bin fitsarinka," ta ce. "Kullum ni ke share su. Haka suka yi wa Baba kafin a yanke masa ƙafa. Zumar nan da na sayo maka ita ke ƙara maka ciwon. Na sani tuntuni, na kasa faɗa."

Fuskarsa ta canza. "Wace irin magana ce wannan? Ki iya bakinki, Mariya. Mutum da lafiyarsa ki dinga kira masa ciwo?"

"To rufe idonka."

"Me?"

"Rufe idonka. Zan taɓa yatsa ɗaya, ka faɗa mini wanne ne. In ka faɗa daidai, ba zan ƙara tayar da maganar ba har abada."

Ya yi tsaki, ya girgiza kai irin na wanda ake sa shi wasan yara. Amma ya jingina da bango ya rufe ido, har da ɗan murmushinsa na mai shirin cin gardama.

Mariya ta kama babban yatsan. Ta sa farce ta danna. Ta ƙara dannawa da duk ƙarfinta, har farcen ya nutse a cikin naman, har hannunta ya fara ciwo. A kan kwanon rufi ruwan ya fara sauka ɗis-ɗis.

"To," in ji Shu'aibu, idonsa a rufe. "Ina jiranki. Taɓa mana."