Kiryar Da Ta Ƙi Bushewa

"Ɗaga kai ki gani da idonki," in ji malamin daji. "Wancan mene ne?"

Mai tsintsiya ta kare rana da tafin hannu ta duba. Can ƙololuwar kiryar ga reshe ɗaya tal ya fito da ganye kore shar, yana kaɗawa abinsa. Duk sauran bishiyar ta bushe ƙayau, ɓawonta sai zuba yake yi. Ta ce ita fa ba ta ga komai ba, idonta ba ya gani nesa. Malamin daji ya yi dariya, ya ce idon da ke hango ciyawar tsintsiya daga tsallaken rafi ba yau zai makance ba. Ya ninke takardar ya miƙa mata ba tare da ya buga hatimi ba.

Takardar ba tata ba ce. Tata ta yankan ciyawa ce, tana ƙulle a bakin zaninta. Wannan ta maƙwabcinta ce, tsohon masassaƙin da katanga ɗaya ta raba su, wanda duk layin ke kira Baba. Dajin na gwamnati ne, ba mai ɗibar ko tsinke sai da takardar izini. Masu zuma da tasu, masu ciyawa da tasu. Masu sassaƙa kuwa dokarsu ta fi tsauri, don ba a ba su bishiya sai wadda ta mutu don kanta. Mutum ya ga wadda ta kama hanyar mutuwa, sai ya nema, a shafa mata jan fenti da lambarsa, ya riƙa sabunta takardar duk shekara. Ranar da ganye na ƙarshe ya faɗi, a buga masa hatimi ya sare. Kuma ba a gadon takardar. In mai ita ya riga bishiyar tafiya, shi ke nan, sai a ba wani.

Shekara tara ke nan Baba yana jiran kiryar nan. Abin da ya jawo kuwa, turmin matarsa ne ya tsage. Ita Inna cewa ta yi ya ba ta ɗaya daga cikin waɗanda yake kaiwa kasuwa, magana ta ƙare. Ina! Baba ya ce har abada, matar da ta yi shekara arba'in tana share masa ɓaraguzan itace ba za ta yi daka a turmin kasuwa ba. Ya ga wata kirya a daji, gindinta mutum biyu ba za su rungume ba, ta fara bushewa daga sama, bana ko baɗi za ta ƙarasa. A cikinta zai fafe mata turmin da jikokin jikokinta za su gaji da gani. Wanda bai san taurin kan tsofaffin masu sana'a ba sai ya ɗauka wasa ne. Turmi ya fi ɗari ya fita daga gidan nan a shekarun nan, matar gidan kuwa kullum da hantsi sai ka gan ta da ƙwarya a ka ta shiga gidan mai tsintsiya aro.

Abin ya zama abin dariyar layi, kuma Inna ce kan gaba wajen dariyar. Takan ce ita ce matar masassaƙi ta farko da ta zama 'yar haya a turmin maƙwabta. Mai tsintsiya kuwa ba ta taɓa jin nauyin aron ba. Tun tana amarya a layin, Inna ta ɗauke ta 'ya, ita ke riƙe mata yara in ta shiga daji, kuma a bakin turmin nan suke taya juna daka suna hira har rana ta take.

To bana jiki ya ƙi. Ƙafafun Baba suka kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya, aka kai shi asibiti, likita ya ce a koma gida a kula da shi kawai. Kowa ya gane maganar. Shi ya sa ranar duba bishiya ya ba mai tsintsiya takardar, ya ce ta je a madadinsa.

Ta same shi a ɗan zauren da yake aiki, an jingina shi da filo biyu a kan tabarma. Gizagonsa da ƙananan wuƙaƙen fafa suna rataye a bango, kowanne a ƙusarsa. Inna tana gefe tana yi masa fifita.

"Yaya mutuniyar tawa?" in ji shi.

"Baba, reshe ɗaya ne. Wallahi ɗaya tal."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya samu ya lafa sai ya ce ashe tsohuwar tana nan da sauran ƙarfinta, to madalla, sun zama su biyu masu reshe ɗaya. Inna ta buge shi da mafici a kafaɗa, ta ce ya bar wannan maganar, kuma ita dama ta gaya masa tun shekara tara bishiyar nan kishi take yi da ita. Suka yi ta tsokanar juna kamar yadda suka saba. Amma da mai tsintsiya ta tashi fita, ta ga yadda ya bi gizagon da kallo, sai zuciyarta ta karye. Ta san ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa ya tafi bai cika wa matarsa alkawari ba, ya bar ta tana yawon aro.

Ita kuma ba baƙuwar daji ba ce. Ta san abin da wasu ke yi in bishiya ta yi musu gardama. Sai su zagaye gindinta da sara, su ɓare ɓawon, ruwa ya daina hawa, a wayi gari ta mutu, su ce Allah ne ya kashe. Ta kuma san in aka kama mutum, takardarsa ta tafi ke nan, ba shi ba dajin. Tsintsiyar nan ita ce abincin gidanta. Duk da haka washegari da safe ta ɗauki laujenta kamar kullum, ta kuma soke adda cikin igiyar ɗaure ciyawa.

Da ta isa gindin kiryar ta daɗe a tsaye. Ta waiga gabas, ta waiga yamma, ba kowa sai kurciyoyi. Ta ɗaga adda ta kai sara ɗaya, ƙasa da jan fentin kaɗan. Addar ta shiga, ta zaro ta da ƙyar, sai ga wurin ɗanye, jajawur, da danshi. Kunya ta kama ta kamar an tsare ta tana satar kaza, ta jefar da addar ta zauna a kan wani reshe da ke yashe a ƙasa. Can kuma sai ta tuna ko da ta zagaye gindin kaf, bishiya irin wannan sai ta yi wata shida ko shekara kafin ta saki ganye. Baba kuwa ko wata ɗaya ba a ba shi ba. Ta ce wa kanta kai, amma dai ke wawiya ce, ta share hawaye, ta je ta yanki ciyawarta.

Ba ta iya ɓoyewa ba. Da la'asar, Inna na madafa, ta durƙusa gaban Baba ta gaya masa duka. Ya kafa mata ido har ta fara wasa da gefen tabarma.

"Sara nawa?"

"Ɗaya, Baba."

"Shekara tara ina wucewa ta gindinta da gatari a kafaɗa, 'yata, ban taɓa ta ba. Kina ganin ban san dabarar ba ce?" Ya numfasa. "Ba zan ba uwarki turmin da za ta riƙa daka tana jin kunya ba. Kada ki sake."

Ta ce ba za ta sake ba. Sai ya sassauta murya ya tambaye ta a ina ta zauna ta yi kukan, don ya san ta yi. Ta ce a kan wani busasshen reshe da iska ta karyo daga kiryar. Nan take idonsa ya buɗe. Ya tambayi kaurinsa, ta gwada da hannu biyu. Ya tambayi tsawonsa, ko miƙaƙƙe ne, ko gara ta taɓa shi. Ta ce miƙaƙƙe ne sambal, ya kai ƙirjinta, kuma gara ba ta iya kirya ba. Ya ce to ta ɗauki takardar, gobe ta kai ofis.

Ofishin daji ɗaki ɗaya ne, da tebur, da kabad ɗin da ba ya rufuwa, da taswirar da rana ta cinye rabinta. Malamin daji ya saurare ta, ya buɗe takardar ya karanta da yatsa a kan layi. Ya ce abin da aka rubuta shi ne busasshen itacen bishiya mai lamba kaza, ba a ce sai gindi ba. Reshen na bishiyar ne, ya bushe, ya faɗo don kansa, saboda haka ba shi da ta cewa. Amma sai ya gani da idonsa ya auna. Ya goya ta a babur suka tafi.

Yana cikin auna reshen idonsa ya kai kan saran. Ya tsaya, ya shafa wurin da yatsa. Mai tsintsiya ta sunkuyar da kai. Ya ce ikon Allah, wani mara kunya ya zo ya gwada addarsa, da alama kuma tsoron Allah ya kama shi a sara na farko. Bai dube ta ba. Ya ɗebo laka a bakin rafi ya cike wurin, ya wanke hannu, ya ɗora takardar a kan kujerar babur ya buga mata hatimi. Shi da kansa ya ɗaure reshen a baya ya kai har ƙofar gida, ita ta biyo shi a ƙasa tana ta godiya ita kaɗai a hanya.

Baba ya sa aka ɗora masa reshen a cinya. Ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ya kara kunne, ya sansana, ya ce a miƙo masa ƙaramin gizago. Inna ta ce wannan ai ko turmin 'yar tsana ba zai yi ba. Ya ce wa ya ce mata turmi ne, taɓarya ce, ta karɓi rabin alkawari da haƙuri, sauran rabin ta bi kiryar bashi.

Kwana goma sha ɗaya ya yi yana aikin. Wanda a da yakan gama taɓarya kafin azahar, yanzu sara biyar sai ya huta. Inna ta riƙe masa ƙarshen itacen tsakanin ƙafafunta, mai tsintsiya in ta dawo daji ta karɓe ta. Ƙamshin kirya ya cika zauren, jajayen ɓaraguzai suka rufe tabarma, ya hana a share. Maƙwabta suna shigowa gaisuwa su tarar da mara lafiya yana gyara musu zama kada gizago ya same su. A kwanakin nan ya ci abinci fiye da yadda ya ci a wata guda, ya ba da labaran daji, ya yi wa Inna waƙar da ta ce tun suna saurayi da budurwa ba ta da daɗi.

Wata rana da Inna ta fita ɗebo ruwa, sai ya ce da mai tsintsiya, yana ci gaba da kankara bai ɗago ba:

"Na yi tunani, gara ma da kiryar ta ƙi. In na ba ta turmi, a tsakar gidan nan za ta zauna ta yi daka ita kaɗai. Taɓarya kuwa dole ta nemi inda turmi yake. Kada ki gaji da ita, 'yata."

"Haba Baba, uwata ce fa."

Ya gama kai ɗaya na taɓaryar, ya goge shi da yashi da tsumma har yana ƙyalli. Ya gama tsakiya, inda hannu ke kamawa, bayan ya auna da tafin Inna sau uku. Ɗaya kan ne ya rage da sawun gizago. A rana ta goma sha biyu da hantsi ya ce bari ya ɗan kishingiɗa kafin ya ƙarasa. Inna na zaune kusa da shi tana tsince hatsi, ta yi masa magana bai amsa ba. Ta leƙo ta kan katanga ta kira mai tsintsiya a hankali, muryarta ko rawa ba ta yi ba, ta ce ta zo, Babanta ya tafi.

An yi kuka, amma ba irin mai ɗaci ba. Malamin daji ya zo gaisuwa, ya zauna a zauren ya daɗe yana jujjuya taɓaryar. Wani masassaƙi daga cikin masu gaisuwa ya ce a ba shi ya ƙarasa ɗaya kan, aikin rabin yini ne. Inna ta ce a bar mata kayanta yadda mai shi ya bari.

Da baƙi suka watse, gidan ya yi tsit na wasu kwanaki. Mai tsintsiya tana kai abinci tana dawowa. Ran nan da hantsi tana tsakar gida tana ɗaure tsintsiya sai ta ji sallama. Inna ce, ƙwarya a ka, taɓarya a hannu. Mai tsintsiya ta tashi ta mirgino turmin zuwa inuwa, ta goge cikinsa da gefen zani. Inna ta juye hatsin, ta kama taɓaryar daidai inda aka auna mata. Kan mai santsi ya sauka cikin turmi, mai sawun gizago yana sama, yana hawa yana sauka a saitin katangar.