Tun Yaushe Ya Faɗi?

Jibirilla mai tsire ne ya same shi, shi ma ba nemansa ya zo yi ba. Wuƙarsa ce ta dakushe, ya zo aron dutsen washi. Ya yi sallama shiru, ya ƙwanƙwasa shiru, ya tura ƙyauren langa-langar da kafaɗa, sai ga Halilu yashe a ƙasa tsakanin katifa da bokiti, baki ya karkace, yawu ya bushe a gefen gemu.

Halilu yana ganinsa sarai, yana jin salatin da yake yi. Ya so ya ce masa ya ja zane ya rufe shi, don ya ɓata wandonsa, amma maganar ta maƙale can ciki, gurnani kawai ya fito. Hannunsa na dama, wanda yake zare tsokar shanu da shi har a hango rana ta cikinta, yana kwance a gefensa kamar na aro.

Halilu mutumin Malumfashi ne, kilishi ya kawo shi Douala. Matarsa Lauratu da yara suna can gida, abin da hannun nan ya yanka shi suke ci. A nan kuwa ɗaki ne guda a bayan gidan Alhaji Zakariya'u, mai masaukin baƙin mahauta a unguwar New Bell, can ƙarshen lungu inda kwata take karya kwana. Kowa a lungun ya san Halilu, kowa yana gaishe shi. In an ce ina kwana ya ce lafiya, in an ce ina gajiya ya ce babu. Ko lokacin da hannun ya riƙa yi masa nauyi yana saki a watan jiya, da ya faɗa a majalisa, cewa aka yi gajiya ce, ya sha magani ya kwanta, namiji ba ya raki. Shi ma ya yi dariya ya bar zancen. Haka muke, sai katanga ta faɗi mu ce ai dama mun ga tsagar.

Aka ciccibe shi aka sa a tasi, Alhaji a gaba, Jibirilla a baya riƙe da kansa. Direban ya kutsa ta unguwar Kassalafam yana zagin 'yan bensikin, masu acaɓan garin, da Faransanci, har suka isa asibitin.

Likitar da ta karɓe su doguwa ce, ba ta jin Hausa. Ta ɗaga hannun Halilu ta saki, ya faɗo. Ta haska idonsa, ta ce ya yi murmushi, rabin fuskar ya ƙi. Sai ta aika aka kira mai ɗaukar hoton cikin jiki ta yi tafinta, wata budurwa cikin farar riga da ɗankwali, wai ita Sharifa. Haifaffiyar New Bell ce, Alhaji yana ganinta ya gane 'yar gidan Malam Husaini mai tebur ce, ya ce ashe ma gida suka zo.

Likita ta yi tambaya guda gajera. Sharifa ta juya ta ce, "Alhaji, tun yaushe? Wa ya yi masa ganin ƙarshe yana lafiya?"

Jibirilla ya dubi takalminsa. Alhaji ya tambaya me ya haɗa wannan da magani. Sharifa ta fara bayani: da alama gudan jini ne ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa, kuma akwai allurar da take narkar da shi, in abin bai wuce 'yan sa'o'i ba, hannu da baki suna iya dawowa.

Ba ta rufe baki ba Alhaji ya ce, "Da asuba na gan shi. Yana ƙarshen sahu, wajen ginshiƙi, inda ya saba tsayawa."

Jibirilla ya ce ƙwarai haka ne.

Sharifa ta ƙarasa abin da aka katse mata. In kuwa an daɗe, ta ce, naman wurin ya riga ya rube, jijiyoyin sun yi laushi, allurar nan fasa su za ta yi jini ya malale cikin kai, mutum ya tafi a kan gadon. Don haka a tuna da kyau. Halilu ya ga maƙogwaron Alhaji ya motsa. Amma magana zarar bunu ce, kuma dattijo mai gemu ba ya lashe ta a gaban sa'ar 'yar cikinsa. Alhaji ya gyara babbar riga ya ce shi ba ya magana biyu.

Halilu ya san lokacin da ya faɗi. Jiya ne, ya idar da magariba ya dawo ɗaki, ya sunkuya zai ɗauki buta, ƙasa ta taso ta same shi. Aka tsuge da ruwan nan na Douala, ya riƙa bugun bokiti da hannun hagu, kwanon rufi ya shanye ƙarar. Ya ji wucewar mutanen lungun zuwa isha'i. Ya ji wucewarsu asuba, har wani ya daki ƙyaurensa ya ce Halilu salla, ya yi gaba abinsa bai tsaya jin amsa ba.

Likita ta ce a tambayi mai jikin. Sharifa ta sunkuyo ta ce, "Baba, in da asuba kana lafiya, rufe idonka."

Alhaji yana tsaye a ƙafar gadon. Mutumin da ya ba shi ɗaki ranar da ya sauka da jaka ɗaya, ya tsaya masa wajen masu shanu, ya raba shi da 'yan sanda ba sau ɗaya ba. Halilu ya rufe ido.

Aka tura shi ɗakin hoto, ba a bar kowa ya biyo ba. Sanyin ɗakin ya ratsa shi. Sharifa da wani ma'aikaci suka zame shi kan wani siririn gado, ta ɗaure masa goshi, ta ce sikana ce, na'urar hoton cikin kai, ba ta cizo, kada dai ya motsa. Gadon ya ja shi cikin wani farin zobe mai gurnani. Yana kwance yana tunanin allurar. Ya ga kansa a bakin tukuba, wuƙa a hannu, nama yana buɗewa. Wataƙila ba za ta fasa komai ba. Ai ba kowa ake cewa zai mutu ya mutu ba. In kuma ta fasa, to an huta, a kai shi maƙabarta, Lauratu ta yi takaba. Wanne ya fi, wannan ko a mayar mata da ƙato a kwance tana juya shi?

Zoben ya yi shiru. Ta cikin gilashi ya hango likita da Sharifa sun haɗa kai a kan allo, likita tana nuna wani wuri da bayan biro tana girgiza kai. Suka daɗe suna magana. Sannan Sharifa ta fito ita kaɗai, riƙe da wani ƙaramin allo, ta jawo kujera ta zauna daidai fuskarsa.

Ta ce ga cikin kansa. Halilu ya ga wani abu kamar an raba goriba biyu, toka-toka, da farin ƙashi kewaye. Ya taɓa fasa kawunan shanu ba adadi, ya san lanƙwasar ƙwaƙwalwa, bai dai taɓa zaton zai ga tasa ba. Ta nuna masa ɓarin dama, inda layukan suka fito raɗau. Ta zame yatsa zuwa hagu, inda suka dushe, wuri ya yi duhu kamar tabon ruwa a bango. Ta ce jini bai zuba ba, wannan alheri ne. Amma duhun nan ba ya saurin fitowa haka. Abin da ya faru bayan asubar yau da wuya ya yi wannan inuwa. Hoto yana cewa an daɗe, mutane suna cewa yanzu ne, shi ma ya ce yanzu ne, likita kuma ta tsaya a tsakiya da allura a hannu, lokaci yana tafiya.

"Baba, na san gidan Alhaji, na san abin da ake kira kara. A lungun nan na girma." Muryarta ta yi zafi, ta sassauta. "Amma ba Alhaji za a yi wa allurar nan ba. Kanka ne."

Halilu ya kafa wa duhun ido. Tun da ya zo garin nan ba a taɓa tambayarsa abu ana jiran amsar gaske ba. Daren jiya duka ga shi nan a allon, ruwan da bokitin da takun masu wucewa, ba wanda ya gani sai wannan na'ura da ba ta san sunansa ba. Ya kasa gane baƙin ciki yake ji ko fushi.

Sharifa ta ɗago hannunsa na hagu ta buɗe yatsun. Ta ce za ta kira salloli daga ta yau tana komawa baya, in ta zo kan ta ƙarshe da ya yi a tsaye, ya matse hannunta.

Ta ce asuba. In ya matse yanzu, allura ce, da wuƙarsa, da mutuncin Alhaji. Bai matse ba.

Ta ce isha'in jiya. Nan ma bai matse ba.

Ta ce magariba. Ya damƙe hannunta har sai da ta ɗan yamutsa fuska. Hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya ya shige kunne.

Ba ta zare hannun ba. Sannan ta ɗaga kai ta yi wa likita magana ta gilashi, kalma biyu. Likita ta gyaɗa kai, ta ce wa ma'aikacin ya mayar da kwalbar allurar cikin firji.

Kafin a fito da shi likita ta zo da kanta, Sharifa tana juya maganar. Allura ta wuce. Za a kwantar da shi, a sauke hawan jinin, a duba jijiyoyin wuyansa da wata na'urar don kada a sake. Bisa ga inda duhun ya tsaya, ƙafa tana da kyakkyawan zato, magana ma za ta iya dawowa sannu a hankali in ana yi da shi kullum. Hannu kuwa, likita ta ce zai iya riƙe kofi wata rana. Sharifa ta faɗa mata sana'arsa. Likita ta kawar da kai, Halilu ya gane amsar ba sai an juya masa ba.

A baranda Alhaji ya taso yana tambaya ko an yi allurar. Sharifa ta ce ba za a yi ba, tun magaribar jiya yake kwance. Alhaji ya ce na'urarsu ce ta san sahu ko shi, yaran zamani sun mayar da talabijin malaminsu.

"Ba na'ura ce ta faɗa ba, Alhaji. Shi ya faɗa."

Jibirilla ya juya yana kallon wata mota a waje. Alhaji ya matso, ya sunkuya har Halilu ya ji ƙanshin turarensa, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda yarinyar ba za ta ji ba.

"Ai da ka bari, Halilu. Taimakonka na yi."

Halilu ya so ya ce ya sani. Ya so ya ce ba don ya tozarta shi ba ne. Leɓensa ya motsa, iska ta fito. Alhaji ya miƙe, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, Jibirilla ya ce amin. Suka ce rana ta yi, kasuwa tana jira, za su leƙo da yamma, kowa ma zai zo. Sharifa ta tambaya wa zai kwana da shi. Alhaji ya ce ai duk ɗaya ne, ba za a rasa ba. Ta ce suna take so ta rubuta. Ya ce za a yi shawara.

An kira Sharifa ɗakin hoto, an kawo wani. Ta dafa kafaɗar Halilu ta ce za ta biyo in ta tashi, ta tafi da sauri.

Aka kai shi wani dogon ɗaki, gado na kusa da taga. Maƙwabcinsa tsoho ne, mata uku sun kewaye shi suna ba shi romo a cokali suna yi masa faɗa da yarensu. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaura wa Halilu ruwa, ta yi masa wata tambaya da Faransanci, ta jira, ta rubuta abin da ta ga dama ta wuce.

Sai can ya lura hannun daman ya zame daga gadon, yana reto a gefe, yatsun sun fara kumbura. Ya dubi ƙofa. Ya dubi matan, ba wadda ta waiwayo. Ya miƙa na hagun ya ƙetare cikinsa, ya laluba har ya kamo wuyan hannun, ya jawo shi da ƙyar, da nauyi kamar cinyar bijimi, ya ɗora a ƙirji ya riƙe.